Ɗinkin Baibai

A bakin rumfar mai gyaran waya wani dattijo yake zaune, tef ɗin awo rataye a wuyansa, guntun zare maƙale a gemu. Tela ne, ko ba a faɗa ba. A cinyarsa akwai tsohuwar kwamfuta da ɗan allon da ya harhaɗa da kansa, don loda umarni cikin ƙwaƙwalwar lantarki, wata 'yar baƙar aba mai ƙafafu kamar kyankyaso. Fitilar da za ta haska in an taɓa ƙofa yake son haɗa wa matarsa, wadda kunnenta ya yi nauyi har baƙi na sallama suna komawa. Amma kwamfutar ta ƙi ganin allon.

Wayoyin allon a jere suke tsaf, kamar kalmasar riga. Mai irin wannan hannu, da alama, bai saba aiki ya gagare shi ba.

"Baba, ka koma kan kekenka mana," in ji mai gyaran, yana dariya.

"Kai dai ara mini gilashinka mai ƙara girman abu, ɗan nan."

Yana bin kowace waya da farce, leɓɓansa na motsi. Can ya juya allon, ya sake juyawa. Zanen da ya kwaikwaya saman allo yake nunawa, shi kuwa ta ƙasa ya jona, dama ta koma hagu.

"Baibai," ya ce a hankali. "Na ɗinke ta ciki, na manta wannan rigar ba a juya ta."

Ga shi nan yana farke ɗinkin, waya bayan waya, ba gaggawa.

"Gobe ka je ka buga ƙofar gidana," ya ce wa mai gyaran, "ka ga ko gwaggonka ba za ta buɗe ba."