Igiyar injin da na hana a saya

Shekarun baya, gwamnati ta ba ƙungiyarmu ta Gidan Sori injin markaɗen gyaɗa. Yawancin 'yan ƙungiyar mata ne masu mai da ƙuli-ƙuli. Ni aka ɗora shugaba don kawai na ɗan zauna lakol, wato makarantar boko, ina iya rubuta takarda. Aka fara kirana Perzidan, ni ma har tafiyata ta sake.

Injin ya yi mana shekara yana aiki. Ran nan igiyar robar da ke juya shi ta tsinke.

Yayata, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, da man nan take ciyar da su. Ta same ni a ƙofar gida.

"Ƙane, igiya ce fa kawai. Kowa ta kawo abin da ta samu, a sayo Gidan Rumji ran kasuwa."

Na ce, "Yaya, ba ki san aikin buro ba. In ma'aikatan gwamnati suka ga mun gyara da kanmu, sai su ce mun tsaya da ƙafarmu, su kai taimako wani gari. A bar shi haka, su zo su gani da idonsu."

Ta ce, "To, mu ci mi kafin su gani?"

Na rufe ɗakin injin da kwaɗo, na rubuta takarda, na zauna jira. Damina ta zo ta wuce. Mata suka koma turmi, masu sarin mai suka daina biyowa ta garinmu. Kafaɗar yayata ta kumbura saboda daka, har 'yarta babba ta bar lakol tana taya ta. Ina gani, ina cewa a ƙara haƙuri.

Da ma'aikacin gwamnati ya zo, na kai shi ɗakin ina murna a raina. Ya shafa tsatsa da yatsa ya ce, "Malam, mun kawo injin ɓarar gyaɗa, amma na ƙungiyar da ta riƙe na farko ne." Aka wuce da sabon injin garin Cadakori.

Na tafi wurin yayata kaina a ƙasa, na ce ta yafe mini. Ta shiga ɗaki, ta buɗe akwatinta, ta fito da sabuwar igiya a naɗe.

"Tun bara na sayo ta da kuɗin akuyata. Ban so in kunyata ka gaban mata ba. Jira nake ka gama perzidancinka."

Washegari aka kira makanike, injin ya tashi, ni kuma na miƙa wa yayata mabuɗi.

Na gane taimakon gwamnati iri ne, shuka da noma namu ne. Injin yana aiki har yau, amma yarinyar nan ba ta koma lakol ba. Duk sanda ta durƙusa ta ce "Kawu, ina kwana," sai in kasa haɗa ido da ita.