Ciyawar Kaka da Ruwan Alwala

Akwai wani wari da ƙasa ke yi idan ta sha ruwa fiye da kima, mai tsami, kamar tsumman da aka manta a bokiti. Shekaranjiya na ji shi a gefen ɗakin karatu na makarantarmu, inda aka bar famfo a buɗe kan ciyawa. Sai na tsaya da littattafaina a hannu, na tuna tsakar gidanmu na Wudil.

Ina firamare aka kawo Kaka daga Utai, bayan ta samu shanyewar ɓarin jiki. Likita ya ce ta riƙa takawa kullum, in ba haka ba ƙafar za ta tafi gaba ɗaya. To, tsakar gidanmu siminti ne. Sau ɗaya ta faɗi a kai, daga nan ta rantse ba za ta sake miƙewa ba. Baba bai yi musu da ita ba. Ya sa aka fasa simintin ƙofar ɗakinta, ya samo ciyawar kiri-kiri ya dasa, don ko ta faɗi ta faɗi a kan laushi.

Ka san mutanenmu da ruwan alwala, ba a son zubar da shi a ƙazamin wuri. Ga ciyawa mai tsabta, kuma kowa na son ta yi sauri ta rufe ƙasa saboda Kaka. Sai duk gidan muka koma alwala a kanta: Baba, Umma, yayyena, ni, har baƙi. Bayan haka Umma ta yi mata ban ruwa da safe, Yaya ya yi da yamma, kowa na zaton shi kaɗai ya tuna. Ita ma Kaka daga kan tabarmarta takan miƙa hannu mai lafiyar ta juye mata ragowar buta.

Da damina ta sauka, ciyawar ta fara komawa ruwan ɗorawa. Muka ɗauka ƙishi ne, muka ƙara. Ƙasar ta zama taɓo, in ka taka sai ruwa ya fito ta tsakanin yatsunka, sauro kuma ya samu gida. Wata safiya Baba ya tsuguna ya ja ƙulli ɗaya. Ya taso ba wuya, saiwar baƙa, ta ruɓe.

"Mu muka shaƙe ta," in ji shi. "Daga yau kowa ya koma bakin rariya."

Ya haƙa 'yar magudana zuwa waje. Ya ɗauki rodi ya bi wurin yana huda ramuka don iska ta shiga, muka cike su da yashin kogi da aka kawo a baro. Wannan duk mai sauƙi ne. Babban aikin shi ne hana Kaka, kuma ni aka ɗora wa, tunda dama ba na zuwa ƙwallo. Nakan zauna kusa da ita da littafina, butar a bayana.

"Maigida, miƙo min butar nan."

"Baba ya hana, Kaka."

"Ji marowaci! Mijin da ke hana ruwa, me zai ba ni? Na fasa auren."

Sai in sunkuyar da kai in yi dariya. Ta ga shekarun fari tun tana budurwa, ba ta iya kallon tsiro ba tare da ta tausaya masa ba. Amma ta haƙura.

Kafin lokacin girbi ya yi, kore ya dawo, a hankali, daga gefe zuwa tsakiya. Ranar da Kaka ta miƙe, ta dafa kafaɗata ta cire takalmi. Ta taka, ta tsaya, ta sake takawa. Da muka kai tsakiya ta sake ni. Umma na bakin madafa da ludayi a hannu, ta ce, "Alhamdulillahi." Kaka ta yi shekaru tana zuwa gidajen suna da ƙafarta kafin Allah Ya karɓi abinsa. Allah Ya ji ƙanta.

Yanzu kusan duk gidajen layinmu an shimfiɗa musu bulon intalok a tsakar gida. Bara Yaya ya ce zai kawo masu aiki su yi mana, a huta da yanka da shara. Baba yana zaune, yana murza gwiwarsa da ta fara damunsa. Ya kalli ciyawar, ya ce, "Ku bar min ita tukuna. Na kusa fara buƙatarta."