Wa Kika Fara Gaisarwa?

Ni mace ce mai son abu a kan tsari. Tun ina sabuwar nas a wani ƙaramin asibiti a Sabon Tasha haka aka san ni: a wanke hannu, a duba kati, sannan a taɓa mara lafiya. Karatuna bai yi zurfi ba, amma abin da aka koya mini ban taɓa tsallake layi ɗaya a cikinsa ba. Na yi shekaru ina allura, ina awon jarirai, ina wanke ciwo, kafin aka zaɓi kaɗan daga cikinmu aka ce za a horar da mu kan kula da masu taɓin hankali a cikin unguwa, ba sai an kwashe su zuwa babban asibiti ba.

A Mahuta aka yi horon, a wani ɗaki bayan coci, kan bencin yara 'yan makarantar Lahadi. Gwiwoyinmu ba sa shiga ƙarƙashin tebur. Mai koyar da mu tsohuwar matiron ce, wato shugabar nas-nas, daga Filato, doguwa, mai furfura, tabarau rataye a wuya da zare. Mama muke ce mata. Da safe ta koya mana sunayen cututtuka da magunguna, da rana mu fita gindin dalbejiya mu ci alale da kunun gyaɗa, tana tsokanar mazan cikinmu wai sun fi marasa lafiya tsoron allura. Har yau in na ji ƙamshin kunun gyaɗa sai allon ɗakin nan ya dawo mini, wanda yoyon rufi ya cinye rabinsa.

An ba mu wani fom na tambayoyi. Yana barci? Yana cin abinci? Yana jin muryoyi? Na so fom ɗin nan ƙwarai, domin kowace tambaya da lambarta.

A mako na uku Mama ta fara tura mu gidaje. Nawa ya faɗo a Gonin Gora. Wata mata ce ta zo asibitinmu ranar Talata da maganar mijinta. Foman ne, mai kula da ma'aikata, a wata masaƙa a Kakuri shekara da shekaru. Da aka rufe masaƙar, zuciyarsa ta ƙi yarda. Kullum da safe sai ya yi wanka, ya sa rigar aiki, ya zauna yana jiran motar ma'aikata. Daga baya barci ya ƙaurace masa, ya daina magana da mutanen gida, wani lokaci ya yi ta faɗa da waɗanda ba a gani. Babban wansa ya zo daga ƙauye ya yanke hukunci: ranar Asabar mota za ta zo a kai shi wani gidan addu'a can gida, inda ake sa wa irinsa mari a ƙafa. Matar ba ta da bakin musa wa wan miji. In mutumin bai yarda ya zo asibiti da ƙafarsa kafin Asabar ba, magana ta ƙare.

Ranar Laraba na sa wa farar rigata sitati, na goge ta, na hau bas. Na sauka a bakin titin Abuja tsakanin masu burodi da masu doya, na bi kwatancen matar har gidan. Na same su a tsakar gida. Wan yana kan kujera, matar tana tsaye. Shi kuma mara lafiyan yana kan benci a gindin gwaiba, cikin shuɗiyar rigar aiki, hannuwa bisa gwiwa.

Na yi yadda aka tarbiyyantar da ni. Na durƙusa na gaida wan, na tambayi mutanen ƙauye da ruwan bana. Na juya na gaida matar. Sannan na ce musu, "Yaya mai jiki?" Suka ce da sauƙi, kamar yadda ake cewa. Na buɗe fom.

"Yana barci?"

"Ina fa barci, Sista," in ji matar.

"Rubuta duka, 'yata," in ji wan. "Amma wannan ba na allura ba ne. Hannu aka sa masa."

Na bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, suna amsawa ina rubutawa. Ina rufe fom sai mutumin ya miƙe.

"Kin gama?"

"Na gama, Baba."

"To, madalla. Tunda su suka san komai, su sha maganin."

Ya shiga ɗaki ya sa sakata.

Da na koma Mahuta na miƙa wa Mama fom, cike tsaf, babu gurbi ko ɗaya. Ba ta duba ba. Ta ɗora fulas ɗin shayinta a kai.

"Ke mai son jeri, faɗa mini daga farko. Wa kika fara gaisarwa?"

"Babban wansa, Mama."

"Sai wa?"

"Matar."

"Sai wa?"

Na laluba jerina, babu na uku.

"Wa kika je gani?" Ta cire tabarau. "An daɗe ana ciniki a kansa kamar buhun masara, yana zaune yana ji. Ke ma kin je da farar riga kin taya. Gobe ki koma. Babu fom, babu farar riga. Shi za ki fara gaisarwa."

"Mama, a gaban wansa? A gidanmu ba a tsallake babba. Kuma motar a hannun wan take. In ya yi fushi zai iya kiranta tun gobe."

"Na sani, ni ma ba daga sama na faɗo ba. Ki tsallake shi, sannan ki koma ki ba shi haƙuri. Babba yana da bakin yin fushi. Wancan ba a bar masa komai ba."

Ranar Alhamis na daɗe a gaban akwati. Ban san yadda ake zuwa aiki ba tare da farar riga ba, don haka na ɗauko abin da ya fi mini daraja: tsohuwar atamfar mahaifiyata, wadda nake ajiye wa ranar godiya a coci. Na ɗaura zani, na yafa ragowar ƙyallen a kafaɗa.

Kowa yana inda na bar shi jiya. Taku goma ne daga ƙofa zuwa gindin gwaiba, kuma sai an wuce ta gaban kujerar wan. Ban taɓa tafiya mai nauyin wannan ba. Na wuce shi, na durƙusa a gaban bencin.

"Ina kwana, Baba?"

A bayana wan ya yi gyaran murya.

"Ina gajiya?"

Ba fuskata yake kallo ba. Kafaɗata yake kallo.

"Miƙo ƙyallen nan."

Na sauke na ba shi. Ya juya bakinsa, ya murza tsakanin yatsu, ya ɗaga shi ga haske.

"Namu ne," ya ce. "Dubi nan, ja ya ɗan hau kan kore. Inji na biyu ke yin haka in ya yi zafi. Na yi ta faɗa musu, ba sa ji."

Matar ta rufe baki da hannu. Shi kuwa ya ci gaba. Ya yi mini bayanin zare da rini, da jiniyar canjin aiki wadda matan Kakuri ke ɗora tukunya da ita, da yadda kekuna ke cika titi in an tashi. Hannuna yana ƙaiƙayin biro, amma babu abin rubutu. Da ya tsagaita na yi tambayar farko ta fom, wannan karon ga mai ita.

"Baba, kana barci?"

"Ba na yi. Kaina ba ya tsayawa, kamar injin da aka manta a kashe."

"Gobe likita yana zuwa wurinmu. Za ka zo?"

"Ƙarfe nawa kuke buɗewa?"

"Takwas."

"Takwas ta gaske, ko ta 'yan ofis?"

"Ni ke riƙe da mabuɗi, Baba."

Ya miƙo mini ƙyallen a ninke, kusurwa a kan kusurwa. 

Sannan na koma na durƙusa a gaban wan.

"Sai yanzu kika gan ni?"

"Na yi laifi, Baba, kuma da sani na yi. Ka yi haƙuri."

"'Yar wane gari ce ke?"

Na faɗa masa.

"Mutanen garinku ba haka suke ba." Ya daɗe yana kallon ƙaninsa. "Tun da na zo gidan nan bai ce mini uffan ba, sai ga shi yana wa zani wa'azi. To, ji nan. In ya je gobe da ƙafarsa, zan ce wa direba ya dakata. In bai je ba, kada ki sake tako ƙofar nan."

Ranar Juma'a na isa asibiti takwas saura kwata. Na same shi a bakin ƙofa cikin rigar aiki, matar a bayansa da kwanon abinci. Ya duba agogon hannunsa, ya dube ni.

"Kin yi ƙoƙari," ya ce.

Ranar Asabar mota ba ta zo ba.

Ba zan ce ya warke nan take ba. An ɗauki watanni, akwai ranakun da ya ƙi magani, akwai ranar da ya kore ni. Amma mari bai taɓa ƙafarsa ba, kuma ranar da zai karɓi magani bai taɓa makara ba.

Mama ta koma Filato, a can ta rasu. Ɗakin nan na Mahuta yanzu cajin waya ake yi a ciki, an sare dalbejiyar. Ni ce yanzu ke kai sababbin nas-nas gidaje, kuma sun ce ina da tsanani. Har yau ina sa su cike fom, kowace tambaya da lambarta. Amma in sun dawo ba na duba shi tukuna. Sai in ɗora fulas ɗina a kai.

Atamfar tana nan cikin akwati. Ni da na sa ta shekara da shekaru, sai a gindin gwaibar nan na san ja ya hau kan kore.