Munduwar Hansai

Na fara sanin Armaya'u a shekarar 1947, ina malamin ɗakin shan magani a Safana, ban daɗe da fitowa daga makarantar mishan ba. Gwiwoyinsa ya kawo mini. Duk biyun sun yi kanta, sun tsattsage, ƙasa ta shiga ciki. Na wanke na sa aidin, ko motsi bai yi ba. Na tambaye shi wane irin aiki yake yi a durƙushe. Ya ce, "Nema."

Sauran labarin a bakin mutane na ji. Mutumin Gidan Mati ne, wani ɗan ƙauye kusa da Darini. An ɗauke shi soja aka kai shi yaƙin Bama. Aikinsa a can shi ne ya wuce gaban runduna da wata na'ura mai kama da faifai a bakin sanda, wadda ke kuka in ta bi ta kan nakiyar da aka binne. Yana can sanƙarau ya shiga Gidan Mati, ya kashe mutane da yawa, har da matarsa Hansai. Waɗanda suka rage suka kwashe jinka da ƙyamare suka koma Darini. Da ya dawo, gero ya tarar a inda ya bar gida. Kufai ya fi kowace gona taki, saboda haka taubashinsa Muntaka ya riga ya baje bangaye ya ja kunya a kai.

'Ya ɗaya Hansai ta bari, Asama'u, a hannun gwaggonta Lami. Lami ce ta gaya masa cewa kafin ciwo ya kwantar da Hansai, ta binne munduwarta biyu na azurfa a gindin randa, kamar yadda matan lokacin suke yi, ta ce na yarinyar ne ranar aurenta. Amma yanzu ba randa, ba ɗaki, ba wanda zai iya nuna inda suke a da.

Ba a bar masa na'urar soja ba. Sai ya sa maƙeri ya yi masa dogon tsinken ƙarfe. Da an girbe gero, sai ya durƙusa a kufan, ya soka tsinken a karkace, a hankali, kunnensa kusa da ƙasa. Ya taɓa gaya mini cewa dutse daban yake amsawa, tsingaro daban, azurfa daban. Ya tono zobban tagulla, da tsakiya ta adon wuya, da awarwaro, da kan mashi wanda ya girmi ƙauyen kansa. Ranar kasuwar Batsari yakan baza su a tabarma. Ba ya sayarwa. Mai abu ya gane abinsa ya ɗauka. Na ga wata tsohuwa, Saude, ta gane zoben mahaifiyarta, ta zauna a ƙasa tana kuka tana sa masa albarka, shi kuwa yana kallon masu awon dawa.

Muntaka ba ya barin sa ya huta.

"Soja, in ka gama yi mini kaftu kyauta, akwai wata gonar a Yasore!"

"Kai da ka shuka gero a ɗakin kakarka, har kana da bakin magana?"

Muntaka ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Armaya'u bai ɗago kai ba.

Haka shekaru suka yi ta wucewa. Kowane rani sai ya kawo mini gwiwoyin. Da na ce ya ɗaura tsumma, sai ya ce to, amma ba ya ɗaurawa.

Aka sa ranar Asama'u da wani mahauci na Batsari, Musbahu. Ina Darini wajen yi wa yara lamba lokacin da ta zo ta durƙusa a gefen tabarmar ubanta.

"Baba, in ba a samu ba, ba komai. Gwaggo ta ce za ta ara mini nata."

Ba ya kiran sunanta, 'yar fari ce. Ya ce, "Ke, ba za ki shiga gidan mutane da kayan aro ba."

Washegari da hantsi ya ce, "Malam, raka ni." Na lura bai ɗauki tsinken ba. Muka shiga kufan, ya miƙe kai tsaye ta cikin kara, bai duba dama ko hagu ba, ya tsaya a wani wuri da bai bambanta da sauran gonar ba. Ya durƙusa ya tona da hannu. Ƙasar ba ta yi gardama ba. Ya ciro 'yar tukunya, a ciki munduwa biyu, sun yi baƙi, an naɗe su a cikin ƙyallen kaki mai maɓallin soja. Hansai ta rasu kafin wani kaki ya dawo daga Bama.

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun ranin farko."

"To, me ka yi ta nema duk shekarun nan?"

Ya dubi karan geron, ya karkaɗe ƙasar da ke hannunsa.

"Da na ɗauke, Malam, me zai kawo ni nan?"

Aka goge mundayen da toka da tsamiya. Asama'u ta sa su ranar da aka kai ta, mata suna ta guɗa. Shi yana zaure, ana yi masa barka yana amsawa.

Bai sake taka kufan ba. Gwiwoyinsa suka warke, har ya daina zuwa wurina. Nakan gan shi a rumfar surukinsa yana korar ƙuda daga kan nama. Tsinken kuwa Muntaka ya kafa a tsakar gida, yana ɗaure akuya a jiki.