Tagulla da Motar Goggo Nas

Ranar Litinin, tara ga watan Yuni, da hantsi, Tagulla ya fara ganin motar, kuma ba da ƙafarta ta zo ba. Majiya ƙarfi uku ne suka turo ta har ƙofar shagonsa suna haki, wata dattijuwa mai tabarau tana riƙe da sitiyari tana ba su umarni ta taga. Motar koriya ce mai zagayayyen baya, ta girmi duk waɗanda suka turo ta, amma ko ƙwarzane babu a jikinta.

Tagulla mai rewaya ne, wato mai gyaran wutar mota. A hannun kawunsa ya koyi naɗin waya tun yana saurayi, ya fara da fanka da injin ban ruwa kafin ya koma kan motoci. Jar wayar tagulla ta rina masa yatsu, daga nan laƙabin ya bi shi. Shagonsa ɗan siriri ne, tsakanin mai walda da mai faci, kuma kowa a layin ya san halinsa: idan aiki ya yi masa daɗi sai ya riƙa hira da shi a fili, abincin da matarsa ta aiko ya huce a kan benci.

Dattijuwar ta fito ta gabatar da kanta. Goggo Nas ake ce mata, ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, kuma da albashinta ta sayi motar tun tana amarya. Da kanta ta ɗaga bonet. Tagulla ya leƙa, ya ja da baya, ya sake leƙawa.

"Kai! Dainamo! Goggo, ai na ɗauka sai a labarin kawuna zan ƙara jin wannan."

"To ga shi ka gani. Ba ya ba batir caji. In na kunna fitila, kafin in kai gida ta mutu." Ta gyara tabarau. "'Ya'yana sun yi taro a kaina. Wai ta ƙara mutuwa da ni a hanya sau ɗaya, su karɓe makulli, in koma zaman jiran wanda zai kai ni unguwa."

Tagulla ya ce magani mai sauƙi ne, a cire dainamo a sa altaneta irin ta motocin yanzu, wadda ke caji ko da mota na tsaye a cunkoso. Ya ɗauko ɗaya daga kanta ya nuna mata, fara sol, gajera, mai ramuka. Goggo ta dube ta kamar an miƙo mata mataccen ɓera.

"Wannan tukunyar za ka ɗaura wa motata? Ɗan nan, kullum da safe sai na goge injin nan da tsumma. Na san fuskarsa. Ka gyara shi yadda yake, ko in sa a tura mini abata."

Ya riga ya san naɗa dainamon ba zai kai ta ko'ina ba, don ko yana sabo ƙarfinsa bai taka kara ya karya ba. Ya tsaya yana juya baƙin ƙarfen a hannu, dogo kamar turmi, da ɗan allon tagulla a gefe da ɗan kofin zuba mai a baya. Can sai ya buga cinya.

"Goggo, in na kwashe cikinsa fa, na bar miki rigar?"

Aikin ya ci shi makonni. Ya zaga kasuwar kayan gyara da ma'auni a aljihu har ya samo ƙaramar altaneta ta injin noma. Mai walda ya fiƙe masa cikin ƙarfen har ta shige daidai. Gwajin farko ta yi zafi kamar dutsen guga, sai ya huda ramukan iska ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Akwatin katawut, mai daidaita cajin dainamo, da ke manne a gefen inji ya bar shi a wurinsa, ya haɗe wayoyin ta ciki. Kofin man ma ya mayar, ko da yake babu abin da zai ƙara sha. Saura abu guda: tsofaffin motoci irin wannan, ƙafar batir mai alamar ƙari ake ɗaurewa a jikin mota, altaneta kuwa akasin haka take so. Ya juya batir, ya juya wayoyin koyil mai ba inji wuta, ya tayar, inji ya amsa. Ya yi ta rawa a gaban bonet har mai faci ya leƙo.

"Tagulla, haihuwa aka yi maka ne?"

"'Yan biyu ma! Ɗaya a cikin ɗaya!"

Ranar karɓa, Goggo ta zo da babban ɗanta, wanda zai yanke hukunci a madadin ƙannensa. Ta ɗaga bonet, ta duba, ta shafa, ta sunkuya ta ƙara dubawa.

"Ka tabbata ka taɓa shi kuwa?"

Tagulla ya ji kamar ya tashi sama. Suka fita gwaji, Goggo na tuƙi, ɗan a gefenta, shi a baya. Ba su yi nisa ba ruwa ya ɓarke. Ta kunna fitila da abin share gilashi, sannan ta yi abin da ta saba yi duk tsawon rayuwarta a motar nan, ta kalli agogon caji. Allurar ta kwanta hagu, ɓangaren da ke nufin batir na zubewa. Ta taka totur, allurar ta ƙara nutsewa.

Goggo ta kashe fitila, ta lallaɓa zuwa wata gangara, ta tsaya hancin motar na kallon ƙasa, yadda ta saba don a ji sauƙin turi. Ta kashe inji, ta zare makulli ta miƙa wa ɗanta.

"Ungo. Ba sai kun ƙwata ba."

"Haba Umma," in ji shi a hankali, "ba don mu ɓata miki rai ba ne. Tsoro muke ji."

Amma shi Tagulla ya ga hasken fitilar a bayan motar da ke gabansu, tar kamar rana, ya kuma ji abin share gilashi na gudu ba gajiya. Batir mai mutuwa ba ya haka. Sai abin ya faɗo masa, ya dafe kai.

"Goggo, riƙe makullinki! Agogon ne! Na juya batir, na manta ban juya masa wayoyinsa ba. Caji yake nunawa ta baya!"

"Kai ɗan nan, kada ka yi mini daɗin baki."

Kafin ta rufe baki ya fita, ya buɗe ƙofar gaba, ya ce wa ɗan, "Yaya, ɗan matsa," ya kwanta rigingine ƙarƙashin agogon, ƙafafunsa a waje ruwa na dukansu. Ya kwance wayoyi biyu, ya musanya su, ya ɗaure.

"Tayar! Kunna komai! Fitila, hon, duk abin da Allah ya hore mata!"

Murɗa ɗaya inji ya kama. Allurar ta yi tsalle ta koma dama, ta tsaya cak. Goggo ta kunna fitila, allurar ba ta motsa ba. Ta ƙara babbar fitila, nan ma haka. Sai ta kwantar da hannu a kan hon ta ƙi ɗagawa, tana dariya har tabarau na zamewa, masu fakewa a bakin shaguna suna ta waiwaye.

"Umma, ya isa, za a ce mun haukace!"

"A ce mana! Kai kuma fita ka koma baya, ka jiƙa mini kujera," ta ce wa Tagulla. Ɗan ya dubi allurar, ya dubi uwarsa, ya gyara zama ya ɗaura bel.

Goggo Nas ta ci gaba da tuƙa motarta shekara shida, har idonta ya raunana ta ajiye tuƙi da kanta, ta ba jikarta motar. Labarin aikin ya bazu tsakanin masu tsofaffin motoci, suka riƙa kawo wa Tagulla nasu daga nesa. Ya karɓi shagon mai faci da ya tashi, ya haɗe da nasa. Yanzu ya yi furfura, ɗansa na biyu ne ke kwanciya ƙarƙashin mota, shi kuma yana kan benci yana naɗin waya.