Wandon da Ya Hana Mutum Hawa Raƙuminsa

Ƴar ƙanwata ta je wani horo na kwana biyar a Tanut, an koya musu farke tsohuwar tufa a ɗinka sabuwa don kada a cika duniya da shara. An ba su shayi da burodi, an ba su takardar shaida mai hatimi, ta kawo ta nuna mini. Na ce Allah ya sa albarka. Mu mun yi wannan aiki tun ba a haife ta ba, ba wanda ya ba mu takarda, kuma ba duniya muke tausayi ba, tsiraicinmu muke rufewa.

Shekarar da ta biyo bayan farin tamanin da huɗu ne. Muna wani ƙauye kusa da Tarka, ni da innata. Gero bai yi ba, bisashe sun ƙare, ni kuwa aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, na gudu, ba abin da na iya sai zama. Kawuna, wan innata, ya sayo keken ɗinki na hannu wajen wani ma'aikaci da aka ɗauke daga Belbeji. Ya aje shi a ɗakinmu, ya ce aro ne. In na iya, in ci abinci da shi. Ran da na ɓata wa wani yadi kuwa, zai ɗauke ya kai wa surukinsa, wanda ya daɗe yana haɗiye yawu a kansa.

Malamin ɗinki kuwa ba ni da shi. Inna ce, wadda ba ta taɓa taɓa keke ba, amma ta san komai. Ita ta hana ni sa zare har sati biyu, wai zare ba na wasa ba ne. Haka na riƙa murza keke ina huda takardar siminti, layi bayan layi, har hannuna ya daina maye. Daga nan aka ƙara mini girma zuwa buhu. Buhunan taimako ne na fulawa, masu rubutun Nasara. A farke, a jiƙa da toka da kanwa, a shanya, a sake jiƙawa. Rubutun ba ya fita, dusashewa kawai yake yi don kunya. Buhu ɗaya wando ɗaya, tsukakke, in ka tsuguna sai ka yi bismilla. Ƙyallen da ya ragu kuma Inna ba ta yarda ya faɗi ƙasa. Mai faɗin tafin hannu aljihu ne, siriri zariya ce, wanda bai kai komai ba a cusa a matashi. Abin da na koya ke nan: gwanin tela shi ne wanda ya rage yadi.

Na ɗinka wa kaina, na ɗinka wa maƙwabta, rabin ƙauyen na yawo da haruffa a baya. Kawu ya fara cika baki a kasuwa, wai gidansu akwai tela.

Cikin masu jin wannan cika baki har da wani dattijon Buzu na wajen Tenhya, wanda ke riƙe wa kawu ƴan tumakin da suka tsira. Ya sai da rago ya sayi baƙin yadi, sabon yadinsa na farko tun kafin fari. Ya kawo mini, kamu goma sha huɗu, ya ce wando. Na tambaye shi wando nawa, ya ce ɗaya. Na dubi ƙafafunsa kamar sandunan kiwo, na dubi tulin yadin, na ce a raina telolin Tanut sun daɗe suna cutar bawan Allah nan. Wandonsa yana jikinsa a gabana, da hantsa har ƙasan gwiwa, na ɗauka rashin iya ɗinki ne. Duk rayuwata ina ganin irin wandon, ban taɓa tambayar dalili ba, don ban taɓa hawa raƙumi ba.

Na shimfiɗa yadin, na ɗora wandona na buhu a kai, na bi gefe da almakashi. Sauran na yi masa ƴar shara da jakunkuna biyu, ta shayi da ta sukari, har da ragowar da na naɗe. Inna ta duba ta ce haka ake aiki.

Ran kasuwa ya dawo, kawu na biye da shi don ya karɓi yabo. Na jera kayan a tabarma kamar lefe. Dattijon ya ɗaga wandon ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, wannan na wane ne?"

"Naka ne, Baba. Ga kuma riga, ga jakunkuna, duk daga ciki."

Mutum ne mai kunya, bai so ya ƙi a gaban kawu. Ya shiga bayan danga ya sa, ya fito yana tafiya kamar an ɗaure jaki. Raƙuminsa na gurfane a ƙofar gida. Ya ɗaga ƙafa zai ɗora kan sirdi, ƙafar ta tsaya rabin hanya. Ya sake, ta tsaya. A na uku wandon ya yanke musu gardama, ya tsage tun daga ƙugu har gwiwa. Matan da ke dawowa daga rijiya duk suka ga abin da ya faru, suka kuma tsaya don su tabbatar.

Dattijon ya gyara rawaninsa ya ce wa kawu, a hankali, shi rago guda ya sayar, ba ƙafar rago ba.

Kawu bai zage ni ba. Ya shiga ɗaki, na ce shi ke nan, keke ya tafi. Ya jijjiga shi ya ji nauyi, ga shi bai zo da jaki ba. Sai ya kwance mariƙin da ake murzawa ya jefa a aljihu. Ya ce kasuwa mai zuwa zai zo da jaki. In ya tarar wandon ya koma wandon mutane, ya maido mariƙi, in ba haka ba ya ɗauki sauran.

Dattijon ya bar mini tsohon wandonsa guda in gani da idona. Na baje shi a ƙasa, ya kusa cinye tabarma. A ranar na gane hantsar nan ita ce wandon, ƙafafun rakiya suke yi. Na farke ƴar shara, na farke jakunkuna, na kwance ragowar, na bi matashin Inna na zaro ƙyallayen da ta riga ta cusa. Kwana shida ina haɗa su da allura da hannu, ƙyalle goma sha tara, Inna na zaune a kaina tana cewa ita dama tun farko ta ga yadin ya yi yawa a rage. Yatsuna suka kumbura. Ɗinkin da na iya yau, a kwanakin nan na koye shi, keke na gefe yana kallona.

Ran kasuwa suka zo, da jakin. Dattijon ya sa wandon, ya tsuguna, ya miƙe, ya ɗora ƙafa ya haye. Daga can sama ya leƙa hantsar, ɗinki ya ratsa ta ko'ina kamar gonar gado da aka raba. Ya ce ba laifi, in yana zaune ba mai gani, amma ba zai sauka a gaban surukansa da rana ba.

Kawu ya fito da mariƙin ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba, ya kora jakinsa ba kaya. Shekara ashirin da ƴan kai ya yi bayan wannan, yana gaya wa kowa shi ya mai da ni tela. Yadinsa kuwa, ko na hula ne, sai ya shiga mota ya kai Tanut.