Yadda Rawanin Maigida Ya Kusa Kashe Mini Aure

Shekarun baya, tun Bature na mulkin ƙasar nan, ina yarinyar mace da goyon fari a wani ƙauye tsakanin Rabah da Goronyo. Gidanmu ne na ƙarshe a garin. In ka haura katangarmu ta gabas sai gonar wake, daga nan kuma sai daji har inda ido ya gaji. Mu uku ne manya a gidan: ni, da maigidana, da mahaifiyarsa wadda nake kira Inna.

A wannan shekara damina ta yi kyau ƙwarai. Ba a daɗe da gama ɗaurin gero ba sai ga dogarin hakimi da saƙo, wai En'e, wato hukumar gargajiya, na neman maza a aikin hanyar mota da ake yi ta wajen Wurno. Duk mai ƙarfin ɗaga diga aka tasa shi gaba. Gari ya rage daga mata sai tsofaffi masu bin inuwa. Maigida ya tafi ya bar mana dammunan gero jibge a tsakar gida, don sabon rumbun da ya gina bai samu yi masa murfi ba. Ga wake a shanye, ga albasa ƙarƙashin rumfa. Abincin shekararmu ke nan duka, a fili.

Ashe ba hakimi kaɗai ke lura da yawan mazan garinmu ba. Akwai birai. Ba 'yan jajayen nan da ake daka wa tsawa su watse ba, manyan nan masu baki irin na kare, waɗanda muke kira bika. Da can iyakarsu bakin gona. Amma tun da Bature ya shata dajin ya hana harbi a cikinsa, suka yi yawa, suka yi ƙiba, suka raina kowa.

Ranar farko da hantsi ne, ina daka. Na ɗaga kai sai na ga babbansu zaune a kan katanga, tsoho mai yagaggen kunne ɗaya. Na kurma ihu, na ɗaga taɓarya. Ya dube ni irin kallon da ɗan kasuwa ke yi wa akuyar da bai yi niyyar saye ba. Ya sauko a hankali, ya ɗage faifan da na rufe ƙwaryar fura da shi, ya sha har ya ƙoshi, sannan ya waiwaya ya yi wani gurnani. Sai ga iyalinsa suna ta dirowa, mata da 'ya'ya. Ni kuwa jarumar, ina cikin ɗaki na tokare ƙyaure da baya, ɗana a ƙirji.

Daga ranar suka mai da gidanmu wurin kalaci. Muka gwada kaɗa tasa. Da fari sun firgita, daga baya kuma in muka kaɗa sai su ƙara sauri, kamar kiransu muke yi. Muka aro karen wani tsoho. Karen ya ga tsohon bikan sau ɗaya, ya shige ƙarƙashin gadon Inna, sai da yamma aka jawo shi da ƙafa. Kullum tarin geron nan ƙasa yake yi, ni kuma in na dube shi sai in tuna abin da rani yake yi wa gidan da hatsinsa ya ƙare da wuri.

Wata rana maƙwabciyarmu ta shigo, mace mai son taimako da kuma son magana, ta rage murya ta ce, "Inna, mi kuka jira? A kwaɓa musu guba cikin dawo a aje bisa katanga. Gobe ku kwashe gawa ku huta."

Inna ta ajiye mazarin da take kaɗi da shi. Ta ce, "Ba gidanga ba. Kin ga waccan mai ɗa manne ga cikinta? In ta ci ta mutu, wa ka ba ɗan nono? Yunwa ta kawo su, ba gaba ba. Ni korassu nika so, ba jininsu ba. Kuma in akuyakki ta riga su ci, mi za ki ce min?"

Maƙwabciya ta taɓe baki ta fita.

Inna ce ta gano lagonsu. Ta lura duk lokacin da wani tsoho ya gifta ta ƙofar gida yana dogara sanda, ko da tafiyar ma da ƙyar yake yi, sai birai su haye katanga su yi tsit. Mu mata kuwa ko wuƙa muka riƙe ba su damu ba.

Ta ce, "Ɗiyata, maza suka tsoro. To mu yi musu namiji."

Ta buɗe adaka ta fiddo babbar rigar angwancin maigida da rawanin da yake naɗawa ranar Salla. Na ce, "Inna, ki rufa min asiri!" Ta ce ita ta yi gajarta, ga kuma ƙusumbi, biri ba wawa ba ne. Haka ta zura mini rigar, ta naɗa mini rawani har da amawali ya rufe baki, ta miƙo mini ƙotar fartanya in riƙe kamar bindiga. Ta karɓi yaron ta goya.

"Buɗe ƙahwahu ki yi tahiya awa mai gari. Kak ki yi rangwaɗa. Yi gyaran murya in ji."

Na yi.

Ta ce, "Wanga kukan ɗan'akuya na. Sake, daga ciki."

Wallahi abin ya yi aiki. Da tsohon bikan ya leƙo ya ga ƙaton mutum tsaye kusa da gero, sai ya yi baya har ya taka wutsiyar na bayansa. Na yi gyaran murya, na ɗaga ƙotar. Kafin in sauke ta katanga ta zama wayam. Inna ta yi ta dariya har ta zauna a ƙasa.

Daga nan kullum da hantsi sai in shiga riga. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin aikin. In shimfiɗa tabarma a inuwa, in harɗe ƙafa, ba daka ba surfe, aikina kawai in yi kwarjini. A nan na fahimci abin da ya sa maza ba sa gaggawar tashi daga kan tabarma. Inna dai ta ja mini kunne kada kowa ya ji, don in maganar ta kai ga liman cewa mace na sa kayan maza, ba mu san abin da zai ce ba.

To, wannan ɓoyon ne ya ja mana. Maƙwabciya ta hau turmi za ta shanya kuɓewa a kan katangar da ta raba mu, ta hango mutum da rawani zaune a tsakar gidan da maigidansa ke can aikin hanya, ga Inna na miƙa masa ruwa. Ba ta tambaye mu ba. Ta kai maganar bakin rijiya, rijiya ta kai kasuwa, masu kai wa ma'aikata abinci suka ƙarasa da ita. Kafin ta isa kunnen maigida, baƙon nawa ya samu gemu, ya samu doki, har an san ɗan wace unguwa ne a Wurno.

Bawan Allah bai nemi izinin kowa ba. Ya yar da diga ya kamo hanya. Da rana tsaka ya iso, kuma don kada baƙo ya tsere ta ƙofa, sai ya zagaya ya hauro ta katangar gabas, daidai inda birai ke haurowa. Ni ina zaune na ba katanga baya, gyangyaɗi ya fara ɗibana. Ban ankara ba sai na ji an shaƙe ni ta baya an ɗaga sama.

"Wane na kai? Wane na kai, cikin gidana! Har rigata anka ba ka!"

Na san muryar, amma amawali ya cika mini baki. Ina ta cewa "Ni ta! Ni ta!" shi kuwa gurnani kawai yake ji. Ya fizgi bakin rawanin. Na yi ta juyawa kamar mazari, rawani na warwarewa, har kitsona ya bayyana. Daidai nan Inna ta fito da muciya ta sauke masa ita a gadon baya.

"Saki ɗiyar mutane, sakarai!"

Ya tsaya da rawani a hannu, baki buɗe. Ya dube ni, ya dubi rigar, ya sake dubana.

"Ke ta?"

"Ni ta."

"To... ina mai dokin?"

Inna ta ce, "Ga shi nan ka kusa kashewa."

Yanzu ina ba ku labarin ina dariya, amma a lokacin kuka na fashe da shi. Ba zafin wuyan ba. Abin da ya ci mini rai shi ne ya ji magana a kaina ya yarda, har ya yi wannan doguwar tafiya a kanta. Na tuɓe rigar na jefar, na shiga ɗaki na fara ɗaure kayana. Na ce gidan ubana za ni, ya zauna da geronsa da birai. Ina fitowa da ƙunshi na ɗaga kai, sai na ga tsohon bikan da dukan iyalinsa jere a kan katanga. Ashe tun ɗazu suna nan. Sun ga komai daga farko har ƙarshe.

Inna ta tare ƙofa, ta aika aka kira liman. Bayan la'asar ya zo, dattijo mai natsuwa, da rawaninsa tubarkalla ya fi nawa girma. Aka yi masa shimfiɗa a tsakar gida, aka ajiye masa fura. Ya saurari kowa, sannan ya ce wa maigida ya je ya kira maƙwabciya ta zo ta faɗi abin da idonta ya gani. Maigida ya fita. Ni da Inna muka koma bayan asabari, liman ya rage shi kaɗai yana jan carbi.

Sai ga tsohon bikan ya sauko. Bai yi sanɗa ba, bai yi gaggawa ba. Ya taho har gaban liman ya zauna, ya ƙare wa rawanin kallo. Ya miƙa hannu ya kama bakinsa ya ja, daidai yadda ya ga maigida ya yi mini. A lissafinsa dai an gama: duk mai rawani a gidan nan mace ce.

"A'uzu billahi!" in ji liman. Ya miƙe ya bar takalmansa, bai tsaya ba sai cikin ɗakin Inna, rabin rawani a kansa rabi a hannun biri. Da bikan ya ga gemu da sanƙo maimakon kitso, shi ma ya firgita, ya saki ya yi katanga. Amma bai manta da ƙwaryar furar ba.

Ina cikin fushi, ga hawaye bai bushe ba, sai dariya ta kuɓuce mini. Inna ta danne baki da zane tana cewa, "Allah gafarta Malam, a yi haƙuri." Shi kansa liman da ya dawo hayyacinsa ya yi ta dariya har yana share ido. Maigida da maƙwabciya suka shigo suka same mu a haka.

Da aka natsu liman ya ce wa maƙwabciya ta koma bakin rijiyar da ta zuba maganar ta kwashe ta da bakinta. Ya ce wa maigida, "Kai kuma, matar da ta tsare maka abinci da ranta ita ka shaƙe? Ba ta haƙuri gabana." Ya ba ni, kansa a ƙasa. Ni kuma aka ce in bar kayan maza. Ban yi gardama ba, tunda dai asirin ya tonu har a wajen birai.

Sauran aikin ba abin dariya a cikinsa, amma shi ya raba mu da su. Kafin maigida ya koma, shi da tsofaffin unguwa suka yi wa rumbu murfi, mu mata muka yi gayya muka kwashe geron muka zuba. Aka sare reshen wata tsamiya da ya rusuno kan katanga, aka jera ƙayar magarya a samanta. Muka daina zubar da dusa da ɗauraya a bayan gida. Shanyar wake sai ranar da matan unguwa suka taru suna daka a gida ɗaya. In muka ji motsin birai kuma, sai Inna ta watsa tonka, wato barkono, a kaskon wuta ta ajiye ta inda iska ke kaɗawa. Suka zo suka yi atishawa, suka dubi tsakar gida ba ko zangarniya ɗaya. Suka ƙara zuwa, haka. Sannu a hankali suka ɗauke ƙafa. Maigida kuwa aka ƙara masa kwanakin aiki saboda gudun da ya yi, ya ce ya yarda, hukuncin ya yi masa daidai. Geronmu ya kai mu har sabon hatsi.

Abin da na ɗauka daga wannan al'amari shi ne, tsoratarwa ba ta daɗewa. Wanda kake tsoratawa yana zaune yana karantarka, wata rana zai gane. Abin da ya yi mana magani shi ne kintsa gidanmu da muka yi har birai ba su da dalilin zuwa. Na kuma koyi cewa in ka hango abu ta kan katanga, ka sauko ka zagaya ta ƙofa ka yi sallama ka tambaya.

Yau dajin nan ya zama gonaki, jikokina ba wanda ya taɓa ganin bika da idonsa. Inna ta rasu, maigida ya rasu, liman da maƙwabciya duk sun riga mu, Allah ya jiƙansu da rahama. Shi tsohon mai yagaggen kunne ban san irin addu'ar da ake yi wa irinsu ba. Ina dai fatan ya mutu a ƙoshe, a cikin dajinsa, da tsufansa.